Yadda Ake Gane Ƙarfe Mai Ƙarancin Kabon da Yadda Ake Sarrafa Shi

Yawancin ƙarfen da ke shiga shagunan walda da maƙeru a ƙauyukan Kano da Jigawa, daga jikin amalanken shanu zuwa ƙofofi, tagogi, teburin injin niƙa da gangar injin sussukar gero, ƙarfe ne mai ƙarancin sinadarin kabon. Kabon ɗin da ke cikinsa yana kamawa ne daga kashi 0.05 zuwa wajen kashi 0.25 cikin 100, kuma wannan ƙarancin shi ne tushen duk halayensa: yana lanƙwasuwa ba tare da ya karye ba, yana karɓar walda cikin sauƙi, zarto da magagari suna cin sa, sannan ya fi sauran ƙarafa araha. Sai dai ba ya riƙe kaifi, ba ya taurara ko an gasa shi an tsoma a ruwa, kuma tsatsa ba ta yi masa da sauƙi. Idan kabon ya kai kashi 0.3 zuwa 0.6, an shiga matsakaicin ƙarfe irin na gatarin mota da giya. Sama da haka kuma shi ne na magagari da kurfi, yayin da sifirin mota yake daidai bakin wannan iyaka. Wanda ya san wannan bambanci ba zai ƙera lauje da guntun ƙofa ba, kuma ba zai ɓarnatar da sifirin wajen yin ƙafar benci ba.

Domin bayanin ya tsaya a kan abu guda, za mu riƙa komawa ga aikin da ake yawan kawowa idan kaka ta gabato, wato sassaƙa sabon shafti na injin sussuka, sandar da ke juyawa a cikinsa, wanda zai shiga boris (zoben da ke sauƙaƙa juyin) mai lamba 6205, tare da ƙera maƙalin da zai riƙe shi.

Mataki na farko: tantance ƙarfen

Wannan mataki ne ake yawan tsallakewa, alhali shi ne ya fi cancantar a daɗe a kansa. Masana'antar ƙarafa ta Ajaokuta, wadda aka soma ginawa a 1979, har yau ba ta kai ga narka tama ba, saboda haka yawancin abin da ke kasuwa ko dai an shigo da shi ne daga waje, ko kuwa an narka shi daga tarkacen da 'yan gwangwan suke tarawa. Ƙarfen da aka narka daga tarkace bai cika zama iri ɗaya ba, domin tukunya guda tana iya haɗa ƙofar mota da sifirin da guntun injin. Wanda ya je Ƙofar Ruwa a Kano ya sayo sabon ƙarfe yana iya tambayar lambarsa, kuma idan aka ce masa 1018 ko 1020 ko A36, to ya sami abin da yake nema. Amma wanda ya tsinto nasa ranar kasuwa a Wudil ko Gujungu, dole ya gwada da hannunsa.

Gwaji mafi sauri shi ne na tartsatsi. Ka ɗora gefen ƙarfen a kan dutsen injin wasa a wurin da ba rana sosai, ka lura da abin da ke fita. Ƙarfe mai taushi yana fitar da dogayen tartsatsi masu launin ruwan ɗorawa, suna tafiya a miƙe, sai can ƙarshensu su ɗan rabu biyu ko uku. Mai yawan kabon kuwa tartsatsinsa suna fashewa tun kusa da dutsen, rassa a kan rassa, da haske mai yawa. Idan ka ga gajerun tartsatsi jajaye marasa haske, wannan zubin ƙarfe ne irin na gidan injin, wanda kabon ɗinsa ya haura kashi 2 cikin 100, kuma ba ya lanƙwasuwa sai dai ya fashe. Yana da kyau kowane shago ya ajiye guntaye uku da aka tabbatar da su, wato guntun ƙarfen ƙofa, guntun sifirin da tsohon magagari, domin a riƙa kwatanta baƙon ƙarfe da su, tun da ido ya fi gane bambanci idan abu biyu suna gefe da gefe.

Idan tartsatsi bai raba gardama ba, sai a koma ga wuta. Ka yanki ɗan guntu, ka gasa shi a gawayi har ya yi ja sosai, ka matso da maganaɗisu. Idan ya daina kamawa, zafin ya wuce digiri 770 a ma'aunin Salsiyas. Ka ƙara masa wuta kaɗan, ka tsoma shi a ruwa nan take, sannan ka goga masa magagari. Idan magagarin ya ci, ƙarfen mai taushi ne. Idan ya zame yana ƙara ba tare da ya bar alama ba, akwai kabon da yawa, kuma irin wannan yana iya tsagewa a gefen walda.

Ina jan hankali musamman a kan rodin gini mai zane a jiki. Mutane suna ɗaukarsa ƙarfe mai taushi saboda arha da samuwarsa ko'ina, amma an yi shi ne don ya yi ƙarfi cikin kankare, kuma wani yana da taurin da zai cinye bakin abin huda. Bai dace da shafti ko ƙusar da za ta ɗauki nauyin shanu ba.

Kafin ka biya kuɗi, ka auna kauri da ma'auni mai baki biyu, kada ka dogara da abin da aka faɗa maka. Akwai kuma lissafi mai amfani ga mai saye da kilo: ka ninka kaurin sandar a milimita da kansa, ka raba da 162, za ka sami nauyin mita ɗaya. Sanda mai milimita 30 tana da kilo 5.5 da ɗoriya a kowace mita, mai milimita 12 kuma kilo 0.89. A fallen ƙarfe, kowace milimita ɗaya ta kauri tana ba da kilo 7.85 a murabba'in mita.

Mataki na biyu: zane da yanka

Ƙarfen da aka murza da zafi yana zuwa da baƙin ɓawo a jikinsa, wanda ya fi ƙarfen kansa tauri. Ka kankare shi a wurin da za ka yi zane, ka shafa alli, ka ja layi da tsinken ƙarfe, domin layin alli kaɗai yana da faɗin da zai ɓatar maka da milimita biyu. Ka bar rarar milimita 3 zuwa 5 a tsawon shafti saboda gyaran fuska.

A zarton hannu, haƙoran su fuskanci gaba, kuma ƙa'idar ita ce aƙalla haƙora uku su kasance a kan ƙarfen a kowane lokaci. Mai haƙora 18 a inci ya dace da sanda mai kauri, mai 24 da matsakaici, mai 32 kuma da bututu marar kauri. Ana dannawa ne wajen turawa, a sassauta wajen dawowa, kuma ja 40 zuwa 50 a minti ya wadatar. Idan da injin yanka mai faifai za ka yi, kada ka cire murfin kariyarsa, kada ka ɗaura babban faifai a ƙaramin inji domin gudunsa ya fi abin da faifan zai jure, kuma kada ka yi wasa da gefen faifan yanka, don siriri ne, yana tarwatsewa.

Mataki na uku: lanƙwasa maƙalin

Falle ko lebatun ƙarfe da bai wuce milimita 5 ko 6 ba yana lanƙwasuwa a sanyi cikin bayis, wato maɗaurin ƙarfe na kan tebur, muddin ba a matse kusurwar ta yi kaifi ba. Zagayen cikin lanƙwasar kada ya gaza kaurin ƙarfen. Ka ɗan wuce kusurwar da kake so, domin yana komowa baya kaɗan idan ka saki. Wanda ya fi haka kauri sai a kai shi maƙera, a zuga masa wuta har ya yi launin lemo mai haske, a buga shi yana da zafinsa. Idan ya soma fitar da tartsatsi a cikin wutar, ya ƙone, wurin ya lalace. Haka kuma idan jan ya gushe, ya rage zafin da ke sa ƙarfe ya yi shuɗi, wajen digiri 200 zuwa 300, ka daina dukansa, domin a wannan zangon ya fi saurin tsagewa fiye da lokacin da yake sanyi ƙalau.

Mataki na huɗu: huda

A nan ne ake asarar kayan aiki da yawa, kuma dalilin kusan kullum ɗaya ne, wato gudu. Za ka ga yaron shago ya ɗaura bakin huda mai milimita 16, ya bar bel ɗin inji a inda aka huda ƙaramin rami jiya, ya danna. Ƙara ta tashi, hayaƙi ya biyo baya, bakin ya koma shuɗi, ramin kuma bai kai rabi ba. Maigidansa ya ɗago daga walda ya ce, "Kai Ɗanjuma, sauko da bel ɗin nan ƙasa, ka ɗiga mai." Yaron ya ce, "Maigida, ƙarfen ne ya yi tauri." Alhali ƙarfen lafiyarsa lau, zafi ne ya kashe kaifin bakin.

Lissafin ba shi da wuya. Bakin huda na yau da kullum, wanda ake rubuta HSS a jikinsa, yana son gudun yanka na mita 25 zuwa 30 a minti a kan ƙarfe mai taushi. Don sanin juyi nawa inji zai yi a minti, ka ninka wannan gudu da 320, ka raba da kaurin bakin a milimita. Idan muka ɗauki mita 25, baki mai milimita 5 yana son juyi 1,600, mai milimita 10 yana son 800, mai milimita 16 yana son 500, mai milimita 20 kuma 400. Wato duk sa'ad da baki ya ƙara girma, sai gudu ya ragu. Idan injinka ba shi da adadin daidai, ka zaɓi na ƙasa da shi.

Ka fara buga ɗigo da tsinken ƙarfe da guduma a tsakiyar ramin, don kada bakin ya yi yawo. Ramin da ya wuce milimita 10 ana soma shi da ƙaramin baki mai milimita 4 ko 5. Ka ɗaure aikin a bayis ko da matsi, kada ka riƙe shi da hannu, domin a daidai lokacin da baki zai ɓulla ƙasa yakan cafki fallen ya juya da shi, shi ya sa ake sassauta danni a wannan gaɓar. Ka riƙa ɗiga mai, ko da baƙin mai ne idan babu man yanka, kana ɗago bakin lokaci lokaci don ɓarɓashi ya fita. Alamar aiki na tafiya daidai ita ce zare biyu na ƙarfe su fito a murɗe, kusan tsawo ɗaya, daga ɓangarorin bakin biyu. Idan ɗaya kaɗai ke fita, an wasa bakin a karkace, kuma ramin zai fi girmansa faɗi. Kusurwar tsinin da ta dace ita ce digiri 118.

Idan ramin na noti ne mai zare, ka cire tazarar zaren daga kaurin notin: M8, wato noti mai kaurin milimita 8, yana son rami mai milimita 6.8, M10 yana son 8.5, M12 kuma 10.2. Wajen yanka zaren, ka juya rabin zagaye gaba, ka dawo da kwata baya don ɓarɓashin ya karye, da mai a kai a kai.

Mataki na biyar: sassaƙa shafti

Injin sassaƙar ƙarfe, wanda yake juya aikin yayin da wuƙa ke tsaye tana feƙe shi, ba kowane ƙauye ke da shi ba, galibi sai an je garuruwa irin su Haɗeja, Gumel ko Kazaure. Duk da haka, ko kai ne mai kai aiki ba mai yi ba, sanin yadda ake yi zai sa ka gane aikin kirki idan ka gan shi.

Boris 6205 raminsa milimita 25 ne, saboda haka za a fara da sanda mai milimita 30. Ana ɗaure ta a kan injin, a daidaita fuskarta, a huda ɗan rami a tsakiya don tsinin da zai tokare ta daga baya, domin duk abin da ya fito daga maɗaurin fiye da ninki uku na kaurinsa zai yi rawa idan ba a tokare shi ba. Mabuɗin maɗaurin kuma kada ya taɓa zama a jiki ko na ɗan lokaci. Bakin wuƙar ya tsaya daidai tsakiyar sandar: idan ya yi sama sai ya riƙa goga maimakon yanka, idan ya yi ƙasa sai ya nutse. Da wuƙar HSS a gudun mita 30, lissafin nan na ɗazu yana ba da juyi 320 a minti. Wuƙa mai bakin kabayid, wanda ya fi HSS tauri da jure zafi, tana ɗaukar ninki uku ko huɗu na wannan, amma tana son inji mai ƙarfi wanda ba ya girgiza.

Yankan farko ya shiga ƙarƙashin baƙin ɓawon gaba ɗaya, zurfin milimita ɗaya ko fiye, domin idan wuƙa ta bi ta kan ɓawon tana shafa, nan take za ta dakushe. A tuna cewa zurfin milimita ɗaya yana rage milimita biyu daga kauri. Ana ci gaba da haka har a kai wajen milimita 25.5, sannan a dakata.

Daga nan ne taushin ƙarfen yake zama matsala. Da yake yana da danƙo, wani ɓangare na abin da ake feƙewa yakan manne a bakin wuƙar kamar yadda tuwo ke kama muciya, ya taru ya zama sabon baki marar kaifi, ya ɓalle, ya sake taruwa, kuma duk ɓallewar da ya yi sai ya bar yagewa a jikin shafti. Wannan ne ya sa sau da yawa ƙarfe mai ɗan tauri yake fitowa da santsi fiye da mai taushi. Maganinsa shi ne wuƙa mai kaifi sosai wadda aka wasa samanta da gangara ta digiri 10 zuwa 15, aka goge ta da dutsen mai, aka ɗan zagaye tsininta, sai kuma man yanka wadatacce da tafiyar wuƙa a hankali, kimanin milimita 0.05 zuwa 0.1 a kowane juyi. Mai bakin kabayid kuwa ƙarin gudu ne maganinsa, kuma ba ya son yanka marar zurfi ƙwarai.

Kada a yi awon ƙarshe ƙarfen yana da zafi. Shafti mai milimita 25 da ya ƙaru da digiri 50 yana kumbura da kimanin milimita 0.015, wanda a ido ba komai ba ne, amma ya isa ya sa boris ɗin da ya kamata ya shiga da matsi ya koma yana sulɓewa bayan ƙarfen ya huce. Ka bari ya huce, ka auna, ka cire saura a yanka biyu, kana gwadawa. Boris ya shiga da ɗan bugu ta kan zoben ciki kawai, ta hanyar guntun bututu. Al'adar nan ta bubbuga ɗigo a jikin shaftin da ya yi sako-sako don boris ya kama ba ta kaiwa ƙarshen kaka, domin ɗigon yana lotsewa.

Zaren ƙarfen da ke fita daga wannan aiki dogo ne, ba ya karyewa da kansa, kuma yana yanka har ƙashi. A tsayar da inji a janye shi da ƙugiya. Safar hannu, hannun riga mai faɗi da rawani ba su da wuri kusa da abin da ke juyawa.

Mataki na shida: walda

Nan ne ƙarfe mai ƙarancin kabon ya fi kowane sauƙin hali, don ba ya bukatar a ɗumama shi tukuna, in ba mai kauri ƙwarai ba. Sandar walda mai lamba 6013 ta wadatar ga yawancin aikin ƙauye: mai milimita 2.5 a amfiya 60 zuwa 90, mai milimita 3.2 kuma a 90 zuwa 130. Idan sandar tana yawan mannewa, kafin ka zargi injin ka duba ko janareto ya gaza, ko wayar ƙasa ba ta kama wuri mai tsabta ba, ko kuma sandunan sun sha danshin damina. Ƙarfen da ya kai milimita 6 ana feƙe bakinsa biyu su yi kwari don narkakken ya shiga har ƙasa. A fara ɗiga walda a kusurwoyi, a duba daidaito, sannan a cika, ana sauya ɓangare, domin walda tana jan ƙarfe zuwa gefenta idan tana hucewa. Kada a watsa mata ruwa. Kada kuma a yi walda a kan shaftin da aka gama sassaƙawa, don zai karkace; idan akwai abin da za a liƙa masa, a liƙa tun kafin sassaƙa.

Bututun ruwa mai farin rufin tutiya yana fitar da farin hayaƙi mai sa zazzaɓi da ciwon ƙirji, saboda haka a kankare rufin a yi aikin a fili. Durom ko tankin da ya taɓa ɗaukar fetur kuwa, ko ya shekara a bushe, tururin da ya rage a ciki yana iya fashewa da tartsatsi ɗaya.

Mataki na bakwai: taurara fata, da sanin inda ba a sa shi

Idan ana son ƙusa ko bushi (zoben da sanda ke juyawa a ciki) da ba zai yi saurin cinyewa ba, ana iya ciyar da fatar ƙarfen da kabon. A sa shi cikin guntun bututu, a cika da garin gawayi haɗe da ƙonannen ƙashi ko ƙaho, a toshe bakin da yumɓu, a ajiye cikin wuta mai zafin kusan digiri 900 na sa'o'i da dama, sannan a fito da shi da zafinsa a ba shi ruwa. Fatar da za ta taurara ba ta cika kai milimita ɗaya ba, cikin kuma yana nan da taushinsa, wanda hakan alheri ne ga abin da ke shan bugu. Amma ga bakin garmar shanu da ke cin ƙasar jigawa mai yashi, wannan wahalar banza ce a ganina, domin yashi zai side fatar cikin ɗan lokaci. Gara a ƙera jikin garmar da ƙarfe mai taushi, a yanko bakin daga sifirin, a ɗaure shi da noti maimakon walda, yadda idan ya cinye za a kwance a sauya.

Mataki na ƙarshe: tsatsa

Da zarar an gama, a goge aikin da burushin waya, a cire dattin walda, a share maiƙo da fetur ko tina, a shafa jan fentin share fage, ya bushe sosai kafin a bi da fentin mai sau biyu. Wurin zaman boris da zaren noti giris suke so, ba fenti ba. Bututun da aka yi ƙafa da shi a toshe samansa, a bar ƙaramin rami a ƙasa don ruwan da ya shiga ya fita. A yankunan fadama da na noman rani, irin su Auyo da Kura, inda kayan aiki ke kwana cikin danshi, a riƙa ɗora ƙarfe a kan katako, kuma amalanken da ya ɗauko takin zamani a wanke shi a ranar, domin taki idan ya jiƙa yana cin ƙarfe fiye da ruwan sama.